Hutun da Nake Ba Kwamfutar Surukina

Akwai amsa guda da na taɓa bayarwa wadda har yau nake fatan da ban ba da ita ba. Ba zagi ba ce, ba rantsuwa ba ce. Surukina ne ya tsuguna gabana wata ranar Laraba ya yi mini tambaya, ni kuma na ce masa, "Wa zai kashe ta?" Iyakar maganar ke nan. Amma ita ta raba shi da aikin da ya sa wa rai, kuma ni na san gaskiya lokacin da nake faɗinta.

Karatuna bai wuce firamare ba. Yawancin shekarun ƙarfina na yi su ne a gindin injin niƙa a Akurba, nan garin Lafiya, ina niƙa masara da dawa da busasshen rogo. Abin da injin nan ya koya mini, wanda na riƙe kamar karatun allo, shi ne ƙarfe ma yana gajiya. Ka ɗora tafin hannu a kan murfinsa, in ka ji ya fi ƙarfin fata, ka kashe shi, ka ƙara masa ruwa, ka je ka yi salla ka ci abinci. Waɗanda ba sa yin haka na ga yadda kan injinsu yake tsagewa. Ni nawa bai taɓa tsagewa ba, kuma duk wanda ya zauna da ni rabin sa'a sai ya ji wannan labarin.

Da ƙurar niƙa ta fara kama mini ƙirji na sayar da injin. A lokacin autata ba ta daɗe da aure ba. Mijinta Bafulatani ne daga wajen Ashige, iyayensa sun daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo. Shi ya yi karatu, yana koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta can Ashige, kullum da safe ya hau babur ya tafi, sai dab da magariba ya dawo da jar ƙasa har cikin gira. Kwamfuta kuwa da kansa ya koya, daga littattafan da yake sayowa a gwanjo da wasu faya-fayai da wani abokinsa yake aiko masa daga Jos. Shi ya ba da shawarar mu buɗe shagon intanet a Bukan Sidi, ni na zuba abin da na samu na injin, shi ya zuba kansa. Wajen shekara ta dubu biyu da huɗu ke nan, lokacin da ɗalibai suka fara yin rajistar jarrabawa ta intanet, kowa kuma yana son a ce yana da adireshin imel.

In na ce ya ba da shawara, kada a ɗauka zama muka yi muka tattauna. Wannan mutumin bai taɓa kallon idona ba. In zai gaishe ni sai ya cire takalmi tun daga bakin shago, ya tsuguna, ya yi wa ƙasa magana. Bai taɓa shan ruwa a gabana ba. Ranar da na shigo na same shi da ƙosai a baki, haka ya riƙe shi a kumatu har na gama alwala na fita. Kunyar surukai muna da ita, amma shi ya haɗa tamu da ta gidansu ya ɗora a kai. Duk wata magana mai nauyi ta bakin matarsa take zuwa, ita kuwa auta ce, ba abin da ba ta faɗa mini.

Ita ce ta kawo mini dokar farko. Kwamfutocin da mutane suke zama a gabansu suna cikin babban ɗaki. A ƙuryar baya kuma akwai guda ɗaya, baƙa, ba mai zama a gabanta, ita ce take karɓar intanet daga farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufi ta rarraba wa sauran. Surukina ya haɗa mata manyan batura irin na tirela don ko an ɗauke wuta kada ta ji.

"Baba, ya ce a gaya maka, waccan ta ƙurya ba a kashe ta."

"Da dare fa?"

"Ko da dare."

"Ranar Juma'a fa?"

"Baba, ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce."

Na ce to. A raina kuwa na ce yaro bai san ƙarfe ba.

Wata huɗu ko biyar komai yana tafiya lafiya. A nan ne wata mata ta fara zuwa shagon. 'Yar Tibi ce daga Binuwai, ta yi arziki da doya da lemo, ta gina makarantar kuɗi ba nisa da mu. Kowa Madam yake ce mata. Tana son ta buɗe ɗakin kwamfuta a makarantarta, tana neman wanda zai haɗa shi ya kuma zauna yana kula da shi, da albashi. Ta ji labarin surukina. Amma mace ce da ba ta sayen doya sai ta juya ta ta ga gindinta. Ta ce za ta riƙa leƙowa bayan an tashi daga makaranta ta ga yadda aikinsa yake ɗaukar jama'a, in hutun Ista ya ƙare ta yanke shawara.

Na san abin da aikin nan yake nufi a gidan 'yata. Tana da tsohon ciki, mijinta kuma yana kashe rabin ransa a hanyar Ashige. In ya samu, zai riƙa zuwa aiki da ƙafa, ya dawo ya ci abincin rana a gida, ya yini kuma cikin abin da yake so. Har wanke rigunansa na fita ya fara yi da kansa yana gogewa, mutumin da bai damu da guga ba.

Sai zafin bazara ya sauko. Wanda ya san garin Lafiya a watan Maris ya san abin da nake nufi, kwanon rufi har ƙara yake yi. Da azahar shagon yakan yi shiru, sai in rufe na ɗan lokaci in kashe janareta in yi salla. Wata rana na shiga ƙuryar nan neman buta, na ɗora hannu a kan baƙar kwamfutar. Na janye. Na sake ɗorawa. Wallahi da injina ne da tuni na kashe. Na tsaya ina jin yadda 'yar fankar cikinta take nishi, sai tausayi ya kama ni, nata da kuma na kuɗina. Na danna maɓallin na riƙe har ta yi shiru.

Na yi salla, na ci tuwon rogo, na ɗan kishingiɗa. Da na tashi na taɓa ta na ji ta yi sanyi kamar randa. Na kunna, fitilunta suka kama, na gwada kwamfuta ɗaya a waje, intanet ya zo. Na ce ka gani, ba wanda ya mutu. Daga ranar na mayar da shi al'ada. Har wani tsohon tawul na ajiye da nake goge mata jiki.

Bayan la'asar, da ɗalibai suka cika kujeru, abin ya fara. Shafi ya buɗe rabi ya tsaya. Na kusa da shi ma haka. Kafin ka ce me, duk ɗakin ya tsaya cak, kowa yana kallon farin allo.

"Baba, lokacina yana tafiya fa."

"Baba, naka intanet ɗin ya tafi la'asar ne?"

Madam tana zaune a kujerar kusa da ƙofa da jakarta a cinya. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta ce, "Baba, wannan abu na yaronka ya gaji ne, ko haka yake yi?"

Na ce mata ai matsalar daga sama take, wajen masu farantin. Ban haɗa abin da hutun azahar ba a ranar, gaskiya. Ta yaya hutu zai ɓata abu?

Surukina ya dawo da magariba, na gaya masa. Washegari da sassafe ya hau rufi ya duba farantin. Rana ta biyu ya canja wayar da ta sauko daga farantin. Rana ta uku ya buɗe cikin kwamfutar ya sauya wani ƙaramin allo. Kowace yamma kuma sai ya zauna gabanta ya yi ta rubuce-rubuce, ya tsayar da wannan ya tayar da wancan, abubuwa da yawa a lokaci guda kamar yadda masu gyara suke yi. Sannan ya kira 'yan acaɓan da ke tsayawa bakin layi su cika kujeru, ya buɗe musu shafuka barkatai. Komai ya tafi sumul. Sai ya aika wa Madam cewa an gyara, ta zo gobe. Gobe da azahar in ba kwamfuta hutunta. Bayan la'asar Madam ta zo ta zauna ta kalli farin allo.

Asabar da Lahadi yana shago tun safe, ba ni da damar shiga ƙurya. A ranakun nan ko kujeru sun cika har da na tsaye, ba abin da yake faruwa. Madam kuwa Asabar tana gona, Lahadi tana coci. Ni da bakina na ce masa, "Injiniya, ai kai take tsoro. Da ka juya baya sai ta fara iskanci." Ya yi murmushi yana kallon tabarma.

Kafin mako na biyu ya ƙare na fara zargin kaina. Ba sai mai ilimi ba, ranar da na ba ta hutu ta lalace, ranar da ban ba ta ba ta yi lafiya. Amma sai in ce wa zuciyata, to in na daina ta ƙone fa? Lalacewar la'asar ana gyara ta, ƙonewa kuwa sai sabuwa. Akwai kuma wani abu ƙarƙashin wannan wanda ban so in kalla ba: in na daina yau komai ya daidaita, ai kowa zai tambayi me ya canja.

Ranar Larabar da na ambata, ya dawo da wuri. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo har da tambayar ƙafata da ba ta ciwo. Sannan ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "Baba, ko dai akwai wanda yake shiga ƙurya da rana? Wataƙila cikin yaran nan masu zuwa, wani ya kashe ta bisa kuskure."

Dubi yadda ya buɗe mini ƙofa. Da na ce, "Ni ne, zafi na ji ta yi," da an yi dariya an wuce. Amma na ga kaina, dattijo mai furfura, ina amsa laifi gaban mijin autata, sai girman kai ya riƙe mini harshe.

Na ce, "Wa zai kashe ta? Ai makullin ƙuryar yana aljihuna. Ni kuwa ko taɓa ta ba na yi."

Ya ce, "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ya tashi ya shiga ƙurya. Na ji daɗi a raina, na ɗauka na wuce.

Ranar Asabar ya yi abin da ya ba ni mamaki. Ya zo ya tsuguna ya ce yana neman izini zai kashe ta da kansa, don ya ga abin da zai faru in wata rana batura suka gaza. Ni kuma da rashin kunya irin ta wanda ya riga ya yi nisa, na ce, "Kai da ka aiko mini cewa ba a kashe ta?" Ya ce, "Gwaji ne kawai, Baba." Ya kashe, ya kunna, aka cika kujeru, ɗaki ya tsaya cak. Karo na farko ke nan da ya ga ciwon da idonsa.

Abin da ya biyo baya daga bakin 'yata na fahimce shi, don ita yake yi wa bayani a gida, ita kuma ta zo ta sauke mini a shago tana shan fura. Ta ce a can cikin kwamfutar akwai wani tushe da suke kira kenel, shi ne mai gidan, shi yake riƙe da ƙa'idoji. Cikin ƙa'idojin akwai wadda ta ce ƙofa nawa aka yarda a buɗe a lokaci guda, don kowane shafi da mutum ya buɗe kamar ƙofa ce. Da haihuwarsa kenel ɗin yana zuwa ne da ƙaramar lamba, wadda ba ta isar shago cike da mutane. Tun ranar da aka kafa shagon mijinta ya ɗaga lambar, ya kuma rubuta sabuwar a inda kwamfuta take dubawa duk lokacin da ta tashi.

Na ce, "To ai shi ke nan."

"Shi ne abin da yake hana shi cin abinci, Baba. In ya tambayi kenel ɗin, babbar lambar yake ba shi. Amma manhajar da take raba intanet tana yin aiki kamar ƙaramar take gani. Da an kai nan sai ta ƙi buɗe ƙofa."

"Wani yana yi wa wani ƙarya ke nan."

Ta ce, "Haka shi ma ya ce." Ta ci gaba da shan furarta.

Surukina ya samo wata dabara da take nuna duk tambayar da manhajar take yi wa kenel. In ya kunna ta sai rubutu ya yi ta zuba a allo kamar gari daga bakin inji, ba tsayawa. Sai da ya yi kwanaki kafin ya iya karanta shi. Ni ina zaune bakin ƙofar ƙurya ina jan carbi, ina satar kallonsa. Yana bin layi da yatsa, yana komawa baya. Abin da ya fara ganowa shi ne, duk tsawon aikinta manhajar ba ta tambayar wannan lambar ko sau ɗaya. Ba ta ma magana da kenel kai tsaye a kan wannan. Akwai wani abu a tsakaninsu da suke kira laburare, ba na littattafai ba, tarin ƙananan ayyuka ne da aka riga aka rubuta, kowace manhaja tana ara. Shi ne ɗan aiken. Surukina ya sauko da rubutun laburaren daga intanet, ya buga a takarda, ya tafi da shi gida. 'Yata ta ce yana karanta shi bayan sallar asuba yana motsa leɓe, har ta tambaye shi ko sabon wuridi aka ba shi.

A cikin rubutun ya ga halin ɗan aiken. Sau ɗaya yake zuwa ya karanto lambar, lokacin da manhajar ta fara tashi, ya riƙe ta a ka. Duk wanda ya sake tambayarsa, abin da ya riƙe yake maimaitawa, ba ya komawa ya duba. Sai surukina ya tsayar da manhajar ita kaɗai ya sake tayar da ita yana kallo. Ɗan aike ya je, ya karanto babbar lamba, komai ya yi daidai. Ashe abin da yake gyara ta kowace yamma ke nan ba tare da ya sani ba, ba waya ba, ba faranti ba. Saura tambaya ɗaya: me ya sa in duk kwamfutar ce ta tashi daga kashewa, sai a samu akasi?

Duk wannan yana ɗaukar lokaci, don sai da yamma da ƙarshen mako yake samun zama. Ni kuma ban daina ba. Wannan ne wurin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Ina ganin ramar da ya yi, ina ganin Madam ta fara tsallake kwana biyu ba ta zo ba, amma da azahar in na taɓa ta na ji zafi sai in danna. Da ban yi waccan maganar ba, da ya nuna mini 'yan kalmomin da zan buga bayan na kunna ta, a wuce wurin. Amma na riga na ce ko taɓa ta ba na yi, ta yaya zai ce in taɓa?

Zuwan Madam na ƙarshe, ɗakin ya tsaya tana shigowa. Ta tsaya ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Baba, ka gaida yarinyanka, Allah ya sauke shi lafiya." Bayan kwana kaɗan muka ji ta ɗauko wani daga Makurɗi.

A cikin makon nan surukina ya kama abin. Ya sa dabarar nan ta fara rubutawa tun daga lokacin da kwamfuta take tashi, ya kashe ya kunna, ya zauna ya karanta. Idan ta tashi, ayyuka suna tashi ne bi da bi, kowane da layinsa. Manhajar raba intanet tana gaba, wanda yake kai wa kenel sabuwar lamba yana bayanta. Ɗan aike ya je da wuri, ya tarar da ƙaramar lambar haihuwa, ya riƙe. Ƙiftawar ido bayan haka a ɗaga lambar. Duk wanda ya zo ya tambayi kenel daga baya zai ga babba, manhajar kuwa ta riga ta tafi da ƙarama. Ya sauya musu layi, na baya ya dawo gaba. Gyaran bai kai tsawon alwala ba.

Ya fito ya tsuguna, ya ce wa bango, "Baba, yanzu ko da wani dalili ya sa ta mutu da rana, za ta tashi daidai."

Na ce, "Madalla, Injiniya. Ai na san za ka gano."

'Yata ta haihu ba da daɗewa ba. Bayan suna na je duba su, na same ta ita kaɗai tana shan kunun kanwa. Ta miƙo mini jaririn, ta bari sai da na zauna sosai na rungume shi, yadda ba zan iya tashi in fita ba.

"Baba, ashe tana ƙirga lokaci."

"Wa?"

"Ta ƙurya. Duk sanda aka tambaye ta, tana faɗin tun yaushe ta farka. Kullum ya dawo sai ta ce masa tun bayan azahar."

Na gyara wa yaron hula.

"Tun kafin ya tambaye ka ya sani. Ni ma sai shekaranjiya ya gaya mini, sai da na matsa masa. Na ce me ya hana ka faɗa mini in je in same shi? Ya ce in ya faɗa mini ai ya ce Baba ya yi ƙarya ke nan, gara ya gyara ta yadda Baba zai iya kashewa." Ta kurɓi kunu. "Wai har da tawul, Baba?"

Na ce, "Zafi take yi."

"Ai kuwa ta huta. Shi ne dai bai huta ba."

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na sa babbar riga na tafi makarantar Madam. Na same ta a ofis tana ɓare lemo. Na faɗa mata komai, tun daga injin niƙa har zuwa tawul. Ta yi dariya har ta ajiye wuƙar. Na ce tunda ta ji ba laifinsa ba ne, ko za ta sake dubawa, ko da mataimaki ne.

Ta goge hannu ta ce, "Baba, na yarda yaronka ya san aiki. Wanda ya bi abu har cikin hanjinsa haka, ya fi wannan da na kawo. Amma ka duba. Ya san kai ne, bai iya ce maka ka bari ba. Ni ma haka nake kamar kai, ina taɓa abin da ba a ce in taɓa ba. Ina son wanda zai ce, Madam cire hannunka. In na ɗauke shi, zai tsuguna mini ne har makaranta ya ƙone."

Ta ba ni lemo cikin leda na kawo gida. Ban taɓa gaya masa abin da ta ce ba, don ladabin da ya yi mini ne aka juya aka ƙi shi da shi, kuma ni na sa shi a wurin da ladabin zai zama aibi.

Neman gafararsa ma sai da ya zama aiki. Kunyar nan ashe ba shi kaɗai ta ɗaure ba. Wata Asabar da safe kafin mutane su zo, yana share allunan kwamfuta, na zauna na juya wa ƙofa fuska, shi yana fuskantar bango. Na ce, "Akwai wani dattijo da ya yi wa wani yaro ba daidai ba a shagon nan. Yana neman a yafe masa."

Ya daina sharar. Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Baba, ai ƙuryar tana da zafi da gaske. Ni ne ban sa mata fanka ba."

Ranar Litinin ya sayo fanka ya kafa. Ya ci gaba da hawa babur zuwa Ashige wasu shekaru bayan haka, damina da rani, har ya taɓa faɗuwa a laka ya karya wuyan hannu. Bai taɓa tayar da maganar ba. Shagon ma mun rufe shi da wayoyin hannu suka fara kawo intanet cikin aljihun kowa.

Ku da kuka karanta wannan, musamman waɗanda suka fara furfura, roƙona gare ku ɗaya ne. Akwai mutanen da aka yi musu tarbiyyar ba za su taɓa ce muku kun yi ƙarya ba: suruki, ɗa, wanda yake aiki ƙarƙashinku. In irin wannan ya tattara ƙarfin hali ya tambaye ku abu, ku sani sau ɗaya zai iya tambaya, kuma mai yiwuwa ya riga ya san amsar. Ku faɗa masa gaskiya tun a karon farko, ku bari a yi muku dariyar yini ɗaya. Kada ku yi irin tawa.